Tumun da Ba Mu Ci a Gonar Baba Ba

Shekarun baya, a daminar da mahaifina ya rasu, na taɓa shirya wa yarana fita daji ta yini guda. Wata baiwar Allah a cikinku ce ta tuno mini da wannan rana, da ta tambaye ni inda ya kamata ta kai yaranta su sha iska idan sun je gida hutu. Na fara rubuta mata amsa na goge, na sake farawa na sake gogewa. Bari dai kawai in ba ku labarin tawa fitar, kowa ya tsinci abin da zai tsinta.

A lokacin muna zaune a Legas, inda aiki ya kai maigidana, a saman wani bene. Yarana uku. Babbar mace ce, tana shirin shiga sakandare, mai bi mata namiji, sai autata wadda har lokacin ba ta gama barin baya ba. Duk a can aka haife su. Iyakar filin da suka sani shi ne dandamalin simintin da ake ajiye motoci a ƙasan benen. Ɗana ya taɓa tambayata wane kamfani ne yake yin gero. Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta daɗe tana cin raina.

Mahaifina a cikin garin Daura yake zaune, gonarsa kuma tana ƙauyensu na asali, can ta wajen Sandamu. Ko da ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi wahala, bai taɓa yarda wani ya zuba masa iri ba. Noma dai a sa 'yan ƙwadago, girbi ma haka, amma ranar da aka yi ruwan shuka shi da kansa zai ɗauki ƙoƙon iri ya bi bayan mai sara yana zubawa yana rufewa da dunduniya. A wannan shekarar ma haka ya yi. Ya gama shukarsa, gero ya fito, sai Allah ya karɓi abinsa.

Ni kaɗai na zo lokacin rasuwar, na zauna har aka yi sadakar bakwai, na koma saboda makarantar yara. Daga baya aka zauna rabon gado a gaban alƙali. Magada muna da yawa, gonar kuma ba ta da girman da za a yayyanka kowa ya sami abin kirki, sai aka tsayar da cewa a bar amfanin da ke ciki ya nuna, bayan kaka a sayar da ita. Har an sami mai saye, wani da aka ce zai kewaye wurin ya riƙa buga bulo. Ban yi gardama ba, don ni ma ban ga wata mafita ba. Amma tun daga ranar na ƙudurce abu ɗaya a raina: yarana za su taka gonar nan, su ci tumu a cikinta daga geron da kakansu ya shuka da hannunsa, kafin ta zama ta wani.

Na san a cikinku akwai 'yan birnin da za su ce mene ne kuma tumu. Sabuwar zangarniyar gero ce da ake karyowa tun tana tsaye, ƙwayarta ta cika amma ba ta bushe ba. A hura wuta a nan cikin gona, a babbaka ta, a murje a tafin hannu tana ƙona ka, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki. Shi ke nan. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma muna yara duk shekara sai Baba ya kwashe mu ya kai mu mun ci, a gindin wata tsamiya da ke tsakiyar gonar. Lokacinsa kuma gajere ne, in ka yi sake gero ya bushe, sai baɗi. Mu kuwa ba mu da baɗi.

Hutun maigidana bai fito ba sai da hutun yara ya zo ƙarshe. Muka kwaso hanya a mota, muka kwana a tsakiya, muka shigo Daura kamar an daka mu a turmi. Da muka duba ranar komawa makaranta da doguwar hanyar da ke jiranmu, sai muka ga yini ɗaya tak ya rage mana na kanmu. Shi na ware wa gona.

Ku zo ku ga shiri wurin 'yar Legas. Na sayi huluna masu faɗi, na cika kula da ruwan sanyi, na ɗauko tabarma da ashana, har da maganin sauro na shafawa. Ɗana ya wanke kwalbar da zai zuba fara. Tun a hanya nake cika musu baki: akwai tafki a gefen gonar, za su ga balbela da shamuwa, za su ji kukan kwaɗi, za su hau tsamiya, za su cire takalmi su taka rairayi mai sanyi. Babbar, wadda da ma ba son tafiyar take ba saboda an raba ta da ƙawayenta, har ta fara sakin fuska tana tambayata wai da gaske ne gero ya fi mutum tsawo.

Mahaifiyata tana cikin takaba, ba ta fita ko'ina. Ana gobe za mu je na same ta a ɗakinta tana jan carbi.

Na ce, "Inna, gobe da sassafe zan kai yaran gona. Za mu wuce kai tsaye ne, ba za mu shiga cikin gari ba sai mun dawo."

Ta ɗago ta dube ni. "Ki wuce kai tsaye? Ki ratsa ta bayan gidan ƙanin ubanki ba ki shiga ba? Yo a ce wa ya raine ki?"

"Za mu shiga mana, Inna. In mun dawo daga gonar."

"Ai tun shekaranjiya na sa an buga masa waya, na ce kuna tafe. Ba a faɗo wa mutane haka kawai."

Na ba kaina haƙuri. Na ce a raina ai gaisuwa ce, mu tsaya mu gaisa mu wuce. Zaman Legas ya sa na manta yadda gaisuwa take a wajenmu.

Tun daga bakin ƙauyen na gane na shiga uku. An share ƙofar gidan baffana tas, an shimfiɗa tabarmi, maza suna zaune reras da manyan riguna, a ranar da ba Juma'a ba, a tsakiyar aikin damina. Ashe ranar babu wanda ya je gona a danginmu, saboda mu. A gefe guda ga akuya an riga an feɗe ta. Kafin in gama fitowa daga mota an kama hannun maigidana an yi zaure da shi, daga nan ban sake sa shi a idona ba sai bayan la'asar.

Mu kuma aka yi da mu cikin gida, aka kai mu ɗakin da ya fi kowane ɗaki kyau. An shimfiɗa kafet, an aro janareto daga wani gida, an aro talabijin daga wani. Muna zama aka tayar da injin, aka kunna wa yaran da na yi tafiyar kwana biyu don in raba su da talabijin. Matar baffana ta tsaya tana murmushi, tana jiran ta ga sun ji daɗi.

Da baffana ya leƙo na durƙusa muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya, muka share hawaye. Sannan na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, da ma so nake in ɗan kai su gona tun rana ba ta yi zafi ba."

Ya ce, "Gona yanzu, ɗiyata? Raɓa ko ɗaukewa ba ta yi ba. Dubi ƙafafunsu, waɗannan ai ba za su iya da ƙarangiya ba. Ku huta, ku sha ruwa tukuna. Gona ai ba guduwa za ta yi ba."

Yana faɗin haka sai ya kau da kai, ya fita.

Abin da ban saka a lissafina ba shi ne, mazan ƙauyen sun je Daura lokacin rasuwa, amma matan da yawa ba su je ba, tsofaffi da masu jego da waɗanda ba sa fita. Duk waɗannan suna ganin akwai nauyin gaisuwata a kansu, yau kuma ga ni Allah ya kawo ni har gida. Suka fara shigowa, biyu-biyu, uku-uku, kowace ta ajiye takalminta a ƙofa.

"Sannunku da zuwa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ashe Malam lokaci ya yi. Ya haƙuri?"

"Haƙuri mun gode Allah."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan."

A shafa addu'a, a yi shiru, sannan a fara labarinsa. Wannan ta ce shi ya kai ta asibiti ranar da haihuwa ta zo mata da gardama. Waccan ta ce duk kaka sai ya aiko mata da dami ba tare da kowa ya sani ba. Kukan da na ɗauka na gama shi a Legas ya dawo sabo, in share in sake, har gefen hijabina ya jiƙe. Kafin waɗannan su tashi wasu sun yi sallama, a koma daga ina gajiya. Ban san sau nawa na ce ba gajiya a ranar ba, alhali ƙashin bayana kamar zai ɓalle.

Kuma babu wadda ta zo hannu rabbana. Wata fura, wata dafaffen ƙwan zabi, wata kwaɗon tafasa, wata ɗanyar gyaɗa. Kowace kuma sai ta ga an taɓa nata. Ni dai ina ɗan kai cokali baki, amma ɗana ya shiga hannun tsofaffi. Kowace ta shigo sai ta jawo shi ta ce, "Ga angona, zo nan, me ka kawo mini daga Ikko?" sannan ta ɗora masa ludayin fura a baki. Yaron bai san wasan kaka da jika ba, ya riƙa ɓuya a bayana yana raɗa mini wai da gaske ne za a bar shi a nan.

Can na fara gyara zama da niyyar in ce za mu ɗan zaga, sai aka shigo da wata tsohuwa tukuf, idonta ya tafi, ana riƙe da sandarta. Aka ce mini ita ta yi goyon Baba, kuma daga ɗaya unguwar ta tako da ƙafarta. Ta zauna tana haki, ta laluba fuskata, ta laluba ta babbar 'yata, ta ce goshin nasa ne sak. To ku gaya mini, ta yaya zan dubi wannan mata in ce ta yi haƙuri zan je kallon balbela? Na koma na zauna.

Ɗana ne ya kasa daurewa, ya ce da ƙarfi, "Mama, yaushe za mu je dajin? Kin ce za mu ga dabbobi."

Matar baffana ta ji, ta fita da sauri. Na ɗauka za ta je ta ce a sallame mu ne, har na fara neman hulunan yara. Ba a daɗe ba sai ga kaya ana shigowa da su tsakar gida. Bushiya a cikin bokiti, ta dunƙule. Kunkuru an ɗaure shi da igiya. Kurciyoyi biyu a keji. Fara cike da wata tsohuwar kwalba, an riga an kama an rufe. Baffana ya tsaya a kansu fuskarsa cike da fara'a.

Ya ce, "To ga dajin nan an kawo muku har gida. Ba ƙaya, ba maciji, ba rana."

Yaran suka fita suka kewaye bokitin. Bushiyar ta ƙi buɗewa, kunkurun ya ƙi fito da kai. Ɗana ya dubi kwalbar farar da aka miƙa masa, ya dubi tasa da ya wanke wadda take hannunsa babu komai a ciki, ya ajiye su duka biyun a ƙasa.

Sai ga tumu. An babbaka, an murje, an hure, an zuba a kwanon tangaran mai murfi, an ɗora a faranti, har da cokula uku a gefe. Tun da nake ban taɓa ganin an ci tumu da cokali ba. Ya huce, ya yi tauri.

Na ce, "Baffa, daga gonar Baba ne?"

Ya ce, "A'a, daga ta bayan gidan nan ne, ta fi kusa. Ai gero duk gero ne."

Na ce, "Haka ne. Allah ya saka da alheri." Na ɗiba na kai baki don kada ransa ya sosu.

Aka kira azahar. Bayan salla aka shigo da shinkafa da naman akuyar nan, aka tsaya a kanmu sai mun ci. Na sake ɗaga maganar gona, aka ce rana ta take, a bari ta yi sanyi. Kafin ta yi sanyin kuma, tun da zama ake yi, ai gara in je in gaida waɗanda ba su iya fitowa ba. Akwai liman da yake kwance ba lafiya, akwai mai unguwa, akwai abokin Baba na ƙuruciya wanda aka ce in na tafi ban leƙa shi ba har ya mutu ba zai manta ba. Haka na goya auta, na ja sauran biyun, muka bi lungu-lungu. Kowane gida a zauna, kowane gida a shafa fatiha, kowane gida a kawo ruwa da ɗan abin taɓawa. Daga wani lungun ina hango kan tsamiyar gonarmu can nesa ta saman dangogi, sai kuma a karya kwana da ni a shiga wani gidan.

A gida na ƙarshe ɗana ya amayar da duk furar da aka ɗura masa. Babbar ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska. Ta gaji da a laluba ta, ta gaji da a yi dariyar Hausarta, ta gaji da durƙuso. Ni kaina ƙafafuna sun kumbura a cikin takalmi.

Bayan la'asar na aika aka kira mini maigidana. Ya fito daga zaure idonsa jajir, shi ma ashe tun safe abin da yake sha ke nan a ɓangaren maza. Na ce masa ko me za a yi yanzu za mu tashi. Amma sallama ma aiki ce. Aka fara loda wa motar kaya: cinyar akuya, ƙwan zabi a cikin ƙwarya da dusa, zabi biyu masu rai, damin rama, gyaɗa. Ana cikin haka iska ta juya, na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

Baffana ya ce wa maigidana, "Ku kama hanya yanzu. Kwarin nan da kuka ƙetaro da safe, in ya kawo ruwa mota ba ta wucewa, sai ku kwana a nan."

A nan ne kunya ta sake ni. Na ce, "Baffa, ni fa ba zan bar garin nan ban taka gonar Baba ba. Saboda ita na taso yaran nan tun daga Legas. Bayan kaka ba tamu ba ce."

Ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara jin maganar. Ya ce, "Ashe abin har haka ne a ranki? Ɗiyata, ai da kin faɗa mini tun da safe."

Na so in ce na faɗa, har sau biyu. Amma na san yadda na faɗe ta, kaina a ƙasa, da ma so nake, in babu damuwa. A wajenmu kuwa idan baƙo ya ce zai tashi, aikin mai gida ne ya hana shi. Shi nasa aikin ya yi.

Na ce ko zai raka mu. Ya girgiza kai. "Ku je dai. Ni tun da Yaya ya tafi ban iya shiga gonar nan ba. Yara nake turawa." Ya juya ya shige zaure bai jira mun tashi ba.

Motar ta tsaya a bakin burtali, hanyar shanun da ta bi ta gefen gonar, domin rairayi ba zai bar ta ta wuce nan ba. Daga wurin 'yar tafiya ce kaɗan. Maigidana ya dubi sama ya ce, "Ki yi sauri don Allah, kin ga yadda garin yake."

Na buɗe ƙofar baya. Auta ta yi barci. Ɗana ma ya yi barci bakinsa a buɗe, na girgiza shi, ya buɗe ido ya fashe da kuka yana cewa cikinsa, cikinsa, a kai shi gida. Na ƙyale shi. Babbar idonta biyu, ta jingina kai da gilashi.

Na ce, "Taso, ga gonar can. Kin ga tsamiyar?"

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Mama, na gaji. Don Allah ki je ke kaɗai."

Na tsaya riƙe da ƙofar. Na san in na daka mata tsawa za ta fito, don ba ta taɓa yi mini musu ba. Na buɗe baki, sai na ji babu ko ɗigon ƙarfi a jikina. Na sunkuya na ɗauki auta a cikin barcinta, na goya ta, na rufe motar.

Ƙarangiya ta kama gefen hijabina tun daga burtalin, ban tsaya cirewa ba. Ina shiga gero ya rufe ni, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, zangarniyoyi sun cika sun sunkuyo, wake yana yaɗo a ƙasa. Ko ba a gaya mini ba na san shukar Baba ce. Yana barin tazara tsakanin layi da layi fiye da kowa, ana yi masa tsiya wai yana ɓarnar ƙasa, shi kuma ya ce gero ma yana son ya sha iska. Ta cikin tazarar nan tasa na bi, da goyo a bayana, ko ganye bai shafi fuskar yarinyar ba.

A gindin tsamiyar na tarar da duwatsun murhunmu guda uku, sun yi baƙi, ciyawa ta fito a tsakaninsu. Ashana tana cikin jakata, amma babu busasshen kara ko ɗaya, babu kuma lokaci. Na zauna a ƙasa, na sauko da auta na ɗora ta a cinyata, na cire mata takalmi, na dafa tafin ƙafafunta a kan rairayin. Ba ta farka ba. Sai dai na ga ta lanƙwasa 'yan yatsunta cikin ƙasar saboda sanyin da ta ji. Na yi wa Baba addu'a, na yi kukan da babu wanda zai ce mini ya haƙuri. Ban kai ga tafkin ba, ina dai jin kwaɗi daga can suna ta yi.

Ruwa ya fara ɗigowa manya-manya, maigidana ya danna hon. Na karyo zangarniya kaɗan na cusa a jaka, na mayar da goyona, na fito. Muka ƙetare kwarin ruwa ya fara bin ƙasansa. Har muka shiga Daura zabin nan suna ta kuka a bayan mota.

Washegari kafin mu kama hanya na babbaka zangarniyoyin a kurfotin Inna, a gurguje. Yaran suka ci a mota cikin magagin barci, ɗana ya ce ƙauri yake yi. Guda ɗaya Inna ta ce kada in sa a wuta. Ta karɓa ta ɗora a cinyarta tana shafawa, a haka muka yi mata sallama.

Bayan kaka aka sayar da gonar kamar yadda aka tsara.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin ranar nan, ban samu ba. Inna ta yi abin da ya dace. Baffana ya bar aikinsa, ya yanka akuyarsa, ya aro injin da shi kansa ba ya kwana da haskensa. Matan nan sun ba ni labaran mahaifina da ban taɓa ji ba, har yau ina riƙe da su. Babu wanda ya yi mini komai sai alheri, alherin ne kuma ya cinye mini yinin kaf. Har yanzu in na tuna sai in ji gajiyar ta sauko mini a kafaɗa. Don haka ke da kika tambaye ni, ga iyakar abin da na sani: in kin kai yara gida don su ga daji, ki faɗi abin da ya kawo ki tun a ƙofa, kanki a ɗage, ki fara da dajin tun ƙafarsu da sauran ƙarfi. Mutanenmu za su yi miki ƙorafi, amma za ki same su in kin dawo.

Auta yanzu ta girma. In ana hira sai ta riƙa yi wa yayyenta gori wai ita kaɗai ce ta taɓa taka gonar kakansu, alhali ko a mafarki ba ta tuna komai. Ina jin su ina dariya, ba na sa baki.

Bara muka je gida da babbar, ta yi aure har da ɗanta a hannu. Hanya ta bi da mu ta wajen, na nuna mata doguwar katangar bulo, na ce nan ne. Tsamiyar ma babu ita. Ta sa aka rage gudu, ta bi katangar da kallo har ta ƙare, sannan ta juyo.

Ta ce, "Mama, me ya sa ranar nan ba ki fito da ni dole ba?"

Na ce, "Ke kika ce kin gaji."

Ta ce, "Yarinya ce fa ni a lokacin. Kullum da safe sai na ce miki na gaji, kullum kuma sai kin tashe ni na tafi makaranta."

Na so in yi mata bayani, cewa tun safiyar ranar masu ƙaunata suke zaɓa mini abin da ya fi mini, har na ji ba zan iya yi wa wani haka ba. Amma da na dubi idonta ya ciko, sai na ga wannan duk dogon zance ne, kuma ban tabbata shi ne gaskiyar ba.

Na ce, "Ni ma gajiya na yi, 'yata."